Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar da Hosfot Ɗinta Bai Wuce Benci Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Philip, malamin 'yan aji huɗu, kuma marubucin da duniya ba ta gano ba tukuna, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukkan mazauna gidan hayar Mama Martha da ke Bosso rasuwar wayata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da yamma, a tafin hannuna, bayan doguwar jinyar da ta jure ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba.

Marigayiya ba 'yar gidan manya ba ce. A tsohuwa ta zo hannuna daga yayata Helen, wadda ita ma a wurin mijinta ta gaje ta. Ta iso da tsaga a kusurwar fuska, ta kuma tafi da ita. Ba ta taɓa ɗaukar hoton da mai shi zai gane kansa ba; duk wanda ta ɗauka sai ya fito kamar ana hango shi ta cikin hayaƙin mai tsire. In aka kira, takan yi wani siririn kuka, tirrr, tirrr, irin na gyare, sannan ta tsaya ta numfasa kafin ta yarda a amsa. Amma a cikinta na karanta littattafan da ba ni da halin saye, a cikin Keke, a layin ɗibar ruwa, da lokacin da yara suka fita tara. Ba ta taɓa ce mini ta gaji ba, sai dai ta yi zafi.

Halinta mafi girma kuwa shi ne wanda masana za su kira aibi. In na kunna mata hosfot, wato in ta raba wa wata wayar data, ƙarfinsa ba ya wuce tsawon bencin da ke ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu. Ka ɗaga ka yi gaba kaɗan, ya yanke.

Wannan raunin ne ya kawo mini Alisabatu, ɗalibar ajin ƙarshe a jami'a, mai ɗakin da ke kallon namu. Wata rana da yamma ta zo ta ce tana so ta tura wa malaminta babi ɗaya na furojek ɗinta, ko zan taimaka mata da data. Na kunna. Ta nufi ɗakinta, ya yanke. Ta dawo, ya kama. Ta sake juyawa, ya sake yankewa. Daga ƙarshe ta share gefen benci da bayan hannu ta zauna. Na karanta labaran da masoya suka haɗu a lambu, a tashar jirgin ƙasa, a ƙarƙashin lema guda ana ruwa. Ban taɓa karanta wanda tsufan waya ya haɗa ba. Tun daga ranar, duk yamma sai ta zo da kwamfutarta da ƙullin gyaɗa. Ta yi rubutu, ta tambaye ni ma'anar wata kalma, ta yi wa labaraina dariya a wuraren da ban sa abin dariya ba. In data ta ƙare, marigayiya ta yi ƙararta ta bankwana, ting, Alisabatu kan ci gaba da zama na ɗan lokaci. Na ɗauka tarbiyya ce.

Ya kamata jama'a su san irin hidimar da ni da marigayiya muka yi. Data ta kullum-kullum nake saya, don ta wata tana son kuɗi a dunƙule, ni kuwa albashina ba ya dunƙulewa. Don kada ta ƙare kafin yamma, na daina kallon bidiyo, na hana hotuna sauka da kansu, na daina buɗe sitatus ɗin kowa, har na limamin cocinmu. Sau da yawa na tako daga makaranta a ƙafa, kuɗin Keke ya koma cikin marigayiya. Abin da ke raina kuwa ban taɓa furta shi ba. Ina jiran jimlar da ta dace, ita kuma jimlar ba ta zo ba.

Ciwon ajali ya fara ne da kumburin batir. Bayanta ya ɗaga, muka ɗaure da roba. Daga baya ta daina karɓar caji sai an tokare wayar cajar da ƙamus. Dawuda mai gyara, wanda ya duba ta sau da dama, ya ce a bar ta ta huta, na ƙi ji. Ranar Talata tana cikin aikinta na raba data, ta yi fari, ta yi ƙyafta ɗaya, ta yi baƙi. Na garzaya da ita shagon Dawuda. Ya buɗe, ya sunsuna, ya mayar da murfin a hankali, ya ce mini sai haƙuri.

Ta rasu ta bar caja guda mai lanƙwasasshen wuya, da abin kunne mai magana ta gefe ɗaya, da layuka biyu, ɗayansu ba wanda ya taɓa kiransa sai masu talla. Ta kuma bar ni.

Ban zauna a benci ba tun ranar. Da me zan zauna? Ba waya, ba data, ba dalilin da zai sa Alisabatu ta tsallako tsakar gida. Ga shi furojek ɗinta ya kusa kammala, ƙarshen wata za ta tattara ta koma gidansu a Chanchaga. Sai na riƙa daɗewa a makaranta ina duba littattafan yara da na riga na duba.

Ndayako, abokin zamana a ɗaki, shi ya ja ni muka koma wurin Dawuda neman magajiya. Dawuda ya jera mana su a kan gilas: mai kyamara uku da ake biya kaɗan-kaɗan, 'yar kwatano mai sheƙi wadda ba a san me ta gani a ƙasar waje ba, da wata sabuwa marar kwalliya. Ndayako ya ce in rabu da kyamara, in dubi girman batir da yawan abin da za ta iya ɗauka, kuma kada in sa wuyana cikin biyan wata-wata. Na saurare su duka, sannan na yi tambayar da ta kawo ni.

"Oga Dawuda, a cikinsu wacce ce hosfot ɗinta ya fi rauni?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, na tsufa a sana'ar nan, ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba. Na yanzu duk ƙarfi gare su. Ka kunna a nan, mai shayin tsallaken titi ma zai kama."

Ke nan ko na saya, daga ɗakinta za ta kama, ƙofa a rufe. Muka fito ban sayi komai ba.

A cikin Keke Ndayako ya dube ni ya ce, "Mutumina, kai matsalarka ba waya ba ce, data ce. Wa yake sayen ta kullum-kullum, kamar mai sayen manja cokali-cokali? Ka sayi ta wata a wurin masu sari, ta fi araha nesa ba kusa ba. Duk gidan nan wuri ɗaya muke saya, har Mama Martha."

"A wurin wa?"

Ya ce in bari mu isa gida. Da muka shiga gida, ya tsaya a tsakar gida ya danna kira a wayarsa, ya buɗe murya. Sai ga waya tana ƙara daga tagar ɗakin da ke kallon namu.

"Ndayako, giga nawa?"

Muryar Alisabatu ta fito mini ta wuri biyu, ta wayarsa da ta taga.

"Kullum fa tana sa tallar a sitatus," in ji Ndayako ƙasa-ƙasa. "Ka ce ba ka sani ba? Mu mun ɗauka wasanku ne ku biyu, shi ya sa ba mu sa baki ba."

Alisabatu ta fito da ƙullin gyaɗarta, ta wuce mu, ta share gefen benci ta zauna. Ndayako ya tuna yana da wanki. Ni kuma na zauna a ɗaya gefen, hannuna ba komai.

"Malam Philip, ya haƙuri? Na ji an yi rashi, kai kuma ka ɓuya, ba a samun ka a yi maka gaisuwa."

"Data kike sayarwa?"

"Tun ina aji biyu. Da ita nake biyan haya."

"To, ranar da kika zo..."

"Ranar da gaske ne, sabis ɗin layina ya ɗauke."

"Sauran ranakun fa?"

Ta murza gyaɗa a tafinta, ta hure ɓawon. "Duk littattafan nan da ka karanta, babu wanda aka rubuta amsar a ciki?" Ta zuba mini rabi a hannu. "Kuma wannan ta kullum ɗin da kake saya ta daɗe tana ƙona mini rai. Cutar kanka kake yi. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa maka, sai in tuna in na faɗa, shi ke nan, me zan ce na zo yi?"

A nan na gane marigayiya ba ta mutu a banza ba, kuma na nemi gafararta a zuciyata saboda duk ranakun da na buga ta a cinya don ta farka.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a taru ranar Asabar da la'asar a ƙarƙashin mangwaron gidan Mama Martha, wadda ta yi alkawarin zoɓo mai sanyi in an kawo wuta, marar sanyi in ba a kawo ba. Ndayako ne zai ɗauki gawa zuwa shagon Dawuda, inda marigayiya za ta bayar da sifikarta ga duk wayar da ke bukata, shi kuma Dawuda ya rage wani abu a farashin magajiya. Magajiyar ita ce sabuwar nan marar kwalliya, mai babban batir da kyamara daidai talaka, kuma za a biya ta lokaci guda. Data kuwa ta wata guda ce, daga hannun Alisabatu, wadda na roƙi ragi ta ce kasuwa daban, benci daban. Masu son yin ta'aziyya su zo da ƙafarsu, don ba inda za su kira. Ba a bukatar furanni. Wanda ya ari abin kunne na marigayiya ya riƙe, an yafe.

Jiya da muke zaman tsara wannan duka, Mama Martha ta tambaye ni, tunda na fasa mai kyamara uku, me zan yi da ɗan abin da ya rage a hannuna. Ndayako ya ce a ƙara da cincin. Alisabatu ba ta ɗago daga kwamfutarta ba. Jimlar da na daɗe ina jira har yanzu ba ta zo ba, don haka na miƙe tsaye na faɗi wadda ta samu, yadda har na ɗakin ƙarshe za su ji:

"Mama, kuɗin Keke ne da na lemon gaisuwa. Ranar Lahadi in an tashi daga coci, zan bi Alisabatu Chanchaga in gaida iyayenta."