Ƙashin Saniyar da Na Kai wa Malaminmu

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na shiga aji rungume da kular Innarmu, ina taƙama kamar na ɗauko zinariya. Lokacin mulkin soja ne, ina karatun likita a nan Ibadan, ni kaɗai ɗan Sabo, unguwar Hausawa, a ajinmu.

Malaminmu na aikin ƙashi, wani dattijon Bayerabe mai faɗa, ya ce zai koya mana huda ƙashi da inji. In ka danna da ƙarfin tsiya, ko bakin injin ya dakushe, ko ba a zuba ruwa, ƙashin zafi yake yi har ya mutu, ƙusar da aka sa ta yi ta girgiɗi a ƙafar bawan Allah. Ya ce wanda hudarsa ta fi rashin zafi, shi zai ɗauka ya taya shi a tiyata. Wallahi ba abin da nake so a duniya kamar wannan.

Saura ƙashin gwaji. Nan fa bakina ya ja mini. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, mu ne masu shanun garin nan, a bar mini!" (Ko akuya ba mu da ita. Inna tuwo take sayarwa a cikin gida.)

Na roƙi kawuna da ke mahautar Bodija ya aiko da ƙwaurin saniya, na ce wa Inna na babban likita ne, gobe zan kai. Iyakar bayanina ke nan. Da safe ta miƙo mini kula an ɗaure da ɗankwali, na ce kai, Inna akwai tsafta.

Aji ya cika, Malam ya jera inji da ma'aunin zafi. Ina buɗe kular sai tururi ya bugi fuskata. Farfesu! Da citta da daddawa, har da albasa a sama don ado.

Dattijon nan bai yi dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tsoma ma'aunin cikin ɓargo, ya duba a tsanake, ya ce, "Wannan ne majinyaci na farko da ƙashinsa ya ƙone tun ban taɓa shi ba. To, likita, huda mu gani."

Ni kuma, don rashin wayo, na kama injin na danna da duk ƙarfina. Ƙashin ya zille, romo ya fantsamo mini a ido. Ina hawayen attaruhu, ina jin wani a baya yana tambayar ko an zo da cokali. Tiyatar dai wata yarinya mai sanyin hannu aka ɗauka, bayan an sake gwajin da ƙashin da ita ta kawo.

Na koma gida a fusace. Inna ta saki ludayi ta ce, "Au, ɗanye kake so? Ni zan aika wa babban mutum ɗanyen ƙashi, kare ne shi? Ba a gidan nan ba!" Sai kuma ta sassauta murya, "Ya dai ji gishiri ko?"

Tun daga ranar na daina miƙewa in ce a bar mini. In ya zama dole, to ba ta gaban murhun Inna kayan za su bi ba.