Matacin Shayi da Tsakuwar Ƙodata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya zo duba ni ba, ko da kuwa zan manta sunana.

Ciwon ya fara ne a ofishinmu da ke Doka. Ina zaune lafiya lau sai na ji kamar an soka mini wuƙa a kwiɓi, na zube ƙasa ina birgima (ni da ake kira Oga). A asibiti aka yi hoto, likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, amma ƙarama ce, za ta fita da kanta. Ya ba ni magani, ya ce in riƙa shan ruwa da yawa, in kuma riƙa tace fitsarina, in ta fito in kawo a gwada.

A hanyar gida na tsaya a wani shago a Malali na sayi jan matacin shayi. Kunya ta hana ni gaya wa matata Hajara amfaninsa. In na gama sai in wanke shi da sabulu, in shanya a kan katangar bayan kicin.

Ran nan mahaifinta ya taso takanas daga Unguwar Kanawa, dattijon da ko haɗa ido ba na iya yi da shi. Muna cikin gaisawa ta kawo masa shayi. Sai da ya kurɓa, ya sake kurɓa, sannan idona ya faɗa kan tiren. Ga jan matacin nan, ganyen shayi na tururi a ciki.

"Baba, kada ka sha!"

Ya tsaya da kofi a baki. Hajara ta ce, "Lafiya? Sabon da ka sayo mana ne fa, a katanga na gani."

Ba yadda na iya, kaina a ƙasa na yi bayani tiryan-tiryan. Hajara ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya ajiye kofin a hankali, ya ce a miƙo masa buta. Ya daɗe a waje yana kurkure baki.

Da ya dawo ya ce, "Tsakuwar ta fita?"

"Tukuna, Baba."

"To, Allah ya fitar da ita. Mu dai mun sha namu rabon."

Tsakuwa ta fita daga baya, ko ƙwayar gero ba ta kai ba. Ni kuwa na koyi darasi: abin da ka ji kunyar faɗa wa matarka a ɗaki, wata rana a gaban ubanta za ka faɗe shi.