Ɗan Makka da Birin Jabal Nur

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da bakina ya kai ni kan Jabal Nur ba, alhali ƙafafuna ba da su aka yi shawarar ba. Ni haifaffen unguwar Hindawiyya ne a nan Makka. Kakana ne ya taho daga Kano ta Sudan, ya sauke farali ya zauna, mu kuma muka tashi da Hausa a gida, Larabci a titi. Bari in tona mana asiri, mu 'yan gari: da yawanmu ba mu taɓa hawa dutsen nan mai kogon Hira ba. Ta tagar mota muke ganinsa, mu ce na baƙi ne. Ni kuwa nawa dalilin ya fi na kowa ƙarfi, don ko tsani na taka zan canja ƙwan lantarki sai in ji ɗakin yana juyawa.

Yarinyar da nake nema a lokacin, Nafisa, 'yar Kano ce. Mun san juna ne da suka zo Umra ita da gwaggonta suka sauka a gidanmu. Ta samu gurbin ƙaro karatu a nan Makka, ta kuma samu wani gurbin a gida Kano. Mahaifinta, tsohon malamin kwaleji mai koyar da labarin ƙasa, ya ce gani ya kori ji: ba zai ce e ko a'a ba sai ya zo ya ga garin da 'yarsa za ta zauna, ya kuma ga mutumin da za ta zauna da shi. In ya ce a'a, karatu a Kano, aure ma a Kano, ni kuma in rungumi ƙaddara. Ba a jima ba na ji ya sayi tikiti.

Ummi, wato mahaifiyata, ta zaunar da ni ta koya mini surukuta kamar mai shirin jarrabawa.

“Ya waladi, ɗana, ka saurare ni da kyau. Ba irin dattijan Makka ba ne da za ka ruga ka sumbaci goshinsa. Aib ne a wurinsu. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. Ba ka kallon idonsa, ba ka shiga gabansa, ba ka cin abinci yana gani ko da yunwa za ta kashe ka. Jikinka kuma kada ya taɓa nasa.”

Na ce, “Ɗayyib, to na ji, Ummi.” Na haddace su tsaf.

Da Baba, wato mahaifin Nafisa, ya iso ya gama Umrarsa, sai ya faɗa mini abin da ke ransa. “Ibada kam na san babu kamar nan. Amma Nafisa ba mai zaman ɗaka ba ce. In ta gaji da littafi, ina za ta je ta sha iska?”

Na zage na shiga yawo da shi. Na kai shi gidan tarihi, na kai shi lambun da iyalai suke shimfiɗa darduma da yamma suna shan shayi yara na guje-guje, na nuna masa inda ake sayar da littattafai da inda ake gasa nama mai kyau. Na ba shi labarin bakin teku a Jidda da sanyin Ɗa'if. Duk inda muka je sai ya ce “to”, ya kama gemu. Wannan “to” ɗin ta hana ni sukuni, don ban san ko ta yabo ce ko ta sallama ba.

Muna dawowa ne ya hango Jabal Nur, sai na ga a karon farko fuskarsa ta saki. Ya ce, “Kai kam ka more. Ka taɓa hawa?”

A nan ne baki ya yanka wuya. Na ce, “Haba Baba, ai muna yara nan ne filin wasanmu. Da gudu muke hawa.” (Allah Ya yafe mini. Filin wasanmu wani lungu ne a bayan garejin gyaran tasi.) Niyyata in kai shi gindin dutsen kawai, inda aka yi sabon gini mai wurin baje kayan tarihi da shagunan gahawa, mu ɗaga kai mu ce Masha Allah, mu dawo gida.

Ya ce, “Madalla. Gobe bayan asuba sai ka hau da ni.”

Na kira Nafisa da yamma, ko za ta ce hawan jini gare shi ko ciwon gwiwa. Sai na ji tana murna. Ashe tun da ya ajiye aiki kusan kullum sai ya hau Goron Dutse motsa jiki. Ta ce, “Ai ka gano lagonsa. Yanzu ya kira ni yana yabonka.” Na kashe wayar jikina a sanyaye.

Da safe na yi shigar da babu mai hankalin da zai hau dutse da ita: farar jallabiya sabuwa, hirami mai guga, da takalmin fata mai santsi. Na tsaya a hanya na sayi tamis, burodinmu mai faɗi, da ayaba. A gindin dutsen Baba ya zauna ya gutsuri kaɗan, ya ce, “Bismillah, matso mana.” Na tuna Ummi, na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, alhali ko ruwa ban kurɓa ba. Ya ce to in riƙe sauran ma ci a sama. Haka na kama hanya da cikina fayau, da leda a hannu tana ƙara. Daga baya na ji cewa duk wanda ya taɓa hawa dutsen nan, ko sau ɗaya, ya san ba a hawa da leda a fili.

Da farko abin da sauƙi. Matakala ce, ga jama'a, wasu na zikiri wasu na haki. Dokar nan ta rashin shiga gaban suruki ta yi mini rana, na maƙale a bayansa ina kallon dugadugansa kawai. Yana tafe yana yi mini darasi a kan irin duwatsun, wane ne ya fi wane tauri, ni kuwa ina “haka ne Baba” ba tare da na ji ko kalma ɗaya ba. Kuskuren da na yi shi ne waiwaye. Na ga motoci sun koma kamar kiyashi, na ga unguwanni a shimfiɗe can ƙasa, babu komai tsakanina da su sai iska. Jiri ya ɗebe ni. Yunwa kuma ta ƙara nata jirin. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya: in na ci gaba ina ganin faɗuwa zan yi, in na tsaya na rasa Nafisa.

Baba ya juyo ya ce, “A ina kuke hutawa kuna yara?”

Na nuna wani wuri da hannu, idona a rufe. Da na buɗe sai na ga rami na nuna masa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce “to”.

Mun kai wata kwana inda hanyar ta tsuke, sai na ji an ja ledar. Na ɗauka wani alhaji ne ya goge ni, har na fara cewa malesh, wato yi haƙuri. Ina duƙar da kai muka haɗa ido da wani ƙaton gwaggon biri, mai gashi buzu-buzu a kafaɗa, hannunsa ɗaya riƙe da ledata. Bai yi gaggawa ba. Ya yi hamma a hankali don in ga haƙoransa da kyau, na kuwa gan su. A bayansa kan dutse ga iyalansa a jere suna jiran karin kumallo.

Mai hankali sakin ledar zai yi. Ni tsoro ya sa na ƙara damƙe ta. Ya ja, na ja, takalmina ya zame, sai ya yi wani gurnani ya matso.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba. Na ƙwalla ƙara da Larabci, “Ya Ummi, ilhaguni!” wato a cece ni, na daka tsalle na haye bayan Baba. Ba dafawa na yi ba, hawa na yi: hannuwa a wuyansa, ƙafafu a ƙugunsa, fuskata a cikin wuyan rigarsa, na ture masa hula. Mutumin da aka ce ko idonsa kada in kalla, ga ni goye a bayansa kamar jaririn da aka hana nono, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Dattijon nan ya dafa dutse ya tsaya daram. Na ji muryarsa a natse, ta cikin bayansa: “Sakar masa ledar.”

Na saki. Birin ya ɗauka, ya haɗa da hiramina da ya faɗi, ya koma gefe ya zauna yana ɓare ayaba yana kallonmu.

“To, sauko.”

“Baba, ba zan iya ba.”

“Ni ma ba zan iya kai ka gida a haka ba. Sauko.”

Na sulale ƙasa na zauna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka na faɗa masa komai, kaina a tsakanin gwiwoyi: ban taɓa hawa ba, tsani ma tsoronsa nake ji. Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Kakkaɓar hular nan ta fi birin ba ni tsoro. A raina na gama sallama da Nafisa, har na fara tunanin yadda zan gaya wa Ummi cewa dokokinta kusan duka na karya su a tsalle ɗaya.

Saukowa ta fi hawa muni, don yanzu dole in kalli ƙasa. Da mazaunai na sauko, matakala bayan matakala, farar jallabiyar ta koma kalar ƙasa, Baba yana gaba riƙe da hannuna. Tsofaffin mata 'yan Indonusiya masu sanda suna wuce mu suna yi mini addu'a. Ina ta roƙon Allah kada mu gamu da mai jin Hausa. Ai kuwa sai ga ayarin Hajiyoyi daga Najeriya, da atamfofinsu iri ɗaya, suna hawowa suna hira.

Ta gabansu ta tsaya ta riƙe haɓa. “Subhanallahi. Alhaji, ɗanka ne ba lafiya?”

Na runtse ido ina jiran ya ce direba ne, ko kuma bai san ni ba, a hanya ya tsince ni.

Baba ya ce, “Lafiyarsa ƙalau, Hajiya. Surukina ne. Ɗan gari ne, shi yake nuna mini wurare.”

Dariyar da matan nan suka yi har yau tana kunnena. Ɗaya ta ce, “Suruki riƙe da hannu? Lallai zamani ya zo.” Amma ni kalma ɗaya kawai na ji. Da suka wuce na ɗago, na karya dokar da ta rage, na kalli idonsa. Na ce, “Baba, abin da ka faɗa musu…”

Ya ce, “To me zan ce? Wanda ya hau bayana a bainar jama'a, in ba na gida ba ne ai ni ne da jin kunya.” Sannan ya ƙara da cewa, “Tun a mota na san ba ka taɓa hawa ba, mai hawa dutse ba ya sa wannan takalmin a ransa ma. So nake in ga inda za ka tsaya. Ka kuwa yi nisa, a matsayinka na mai rawar jiki tun daga ƙasa. Ƙaryar ce kada ka sake.”

Yanzu muna zaune a unguwar Ka'akiyya ni da Nafisa, tana karatunta. Ta hau Jabal Nur da ƙawayenta har ta gaji da hawa, ni kuwa ina shagon gahawa na ƙasa ina tsaron jakunkuna. Duk baƙon da ya tambaye ni wuraren shaƙatawa a garinmu, ina nuna masa iyakar inda ƙafata ta taɓa takawa, sauran in ce masa ji nake yi. Baba kuma duk ranar Juma'a yakan kira, in durƙusa da waya a kunne kamar yana ganina. Ya tambayi Ummi, ya tambayi 'yarsa, sannan ya yi gyaran murya ya ce, “Ya mutumin naka? Yana dai sa hiramin?”