Yadda Za Ka Sayar da Manhajar da Kuka Riga Kuka Kyautar

Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka ci gumin wani ko rigarka ba ta jiƙe ba. Pyo Gwang-su na Pangyo, unguwar kamfanonin kwamfuta, ya gwada su a kan idona, da shi za mu yi misali.

1. Manta da alkawari

Gwang-su da abokinsa Ma Jin-tae, wanda ya girme shi, sun saki laburaren manhaja mai gyara kurakuran rubutu. Lasisin ya ce kowa ya ɗauka kyauta, amma ba mai ikon rufe shi ya hana mutane ɗauka. Sai wani kamfani ya ce zai saya in an rufe. Nan take Gwang-su ya gano cewa kyauta ƙuruciya ce. Kai ma gano hakan.

2. Fara shagali tun ba a sa hannu ba

Ajiye aikinka. Gwang-su har gasasshen naman sa ya saya wa surukansa, surukin na bubbuga masa kafaɗa yana cewa, "Ai na faɗa, mijin 'yata ba ƙaramin mutum ba ne." Daga baya lauyan kamfanin ya ce lasisi ba ya canzuwa sai kowane marubuci ya yarda.

3. Nemo abokinka, ko ina ya shige

Jin-tae kuwa ya aske kai tuntuni, ya koma zaman ibada a wani gidan bautar Buddha can kan dutse. Gwang-su ya hau da takalmin ofis, ya iso yana haki, ya same shi yana shara.

"Yaya, sa hannu kawai. Ai ka bar duniya, me za ka yi da haƙƙin mallaka?"

"Ba komai," in ji Jin-tae. "Shi ya sa na ba mutane. Yanzu so kake in bi su gida-gida in ƙwato?"

"Yaya, na fa ajiye aiki!"

"Madalla. Ga wata tsintsiya can."

4. Yi zuciya

Kar ka roƙi mai aski sau biyu. Gwang-su ya sauko a fusace, ya rantse zai goge duk layin da Jin-tae ya rubuta, ya sayar da nasa zalla. Ya goge kuwa, tsaf. Da ya duba abin da ya rage, sai shafin maraba, da tambari, da wani gyara da ya taɓa yi wanda ya lalata manhajar har Jin-tae ya bi ya ɗinke.

5. Kai wa kamfanin hakanan

Shugaban kamfanin ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "Tambarin ya yi kyau, Malam Pyo. A ina za mu sami wanda ya rubuta sauran?"

Gwang-su ya sunkuya ya yi godiya. Surukinsa bai ƙara ɗaga wayarsa ba.

Gargaɗi: in ka bi matakan nan ka kwana a ciki, babu ruwana. Shawarar kyauta na ba ka, ba ta zo da garanti ba, kuma ko kotu kuka je kar ka sa sunana cikin marubuta.