Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Aka Ɗinka wa Riga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda zargi kuma ya samu ɗan wuri a gefenta ya zauna, maigidan nan yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ne da yammacin Asabar ɗin da ta wuce, a kan teburinta na gindin taga, ana tsakiyar wasan ƙwallo, maigidan yana gaba da ci biyu da nema. Ana roƙon jama'a su riƙe wannan magana ta ci biyu, domin akwai wanda ya fara musanta ta.

Ba a san shekarun marigayiyar ba, da girmanta ta zo gidan nan. Maigidan ya daɗe yana zagaya shagunan kwamfuta, yana neman wadda za ta ɗauki wasa ba tare da ta ɗauke albashi ba. Duk inda aka faɗa masa kuɗin sabuwa sai tari ya kama shi, ya ce zai dawo. A shagon ƙarshe, can ƙuryar layi, mai shagon ya jawo ta daga ƙarƙashin kanta, ya goge ta da hannun rigarsa, ya rantse cewa wata dattijuwar malama ce ta riƙe ta, kuma ba ta taɓa yin komai da ita ba sai rubuta jarrabawa. Maigidan ya lura haruffa huɗun nan da masu wasa ke dannawa sun goge har suna ƙyalli. Ya ɗan yi tunanin wace irin jarrabawa ce ake rubutawa da haruffa huɗu. Amma arha ta rufe masa baki, ya rungumo ta.

A gida ya gabatar da ita a matsayin kayan aikin ofis. Uwargida, wadda tela ce, ta dubi baƙuwar, ta dubi fad biyu na buga wasa da suka leƙo daga cikin leda, ta ce, "Allah ya sa wa aikin ofis albarka." Har yau maigidan yana juya wannan addu'a a ransa.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ta kuma koya wa kowa haƙuri. Yara ne suka raɗa mata Gwaggo, saboda in aka tashe ta ba ta miƙewa sai ta yi ƙorafi. Za ta ce "ƙiiirr," ta yi shiru kamar ta fasa, ta ce "ƙat-ƙat," sannan fankarta ta ɗauka, "fuuuuu," kamar tsohuwar bas a kan tudu. A takarda sunanta tafi-da-gidanka, amma batirinta ya riga ta tafiya tun kafin a san ta, don haka ba ta taɓa nisa da soket ba. Ba ta da son ado. 'Yan wasan da take nunawa ba su da fuska, ƙwallon ma in ka ƙura masa ido za ka ga yana da kusurwa. Tana da ɗumin jiki kuwa, har an sha shanya safar makarantar yara a gefenta, ta bushe kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Babban alherinta shi ne ranar Asabar. Maigidan yana da ƙane, Auta, wanda aiki ya kai shi nesa. In suka haɗu a waya, daga "ya aiki" sai "ya iyali," sai kowa ya fara jiran ɗan uwansa ya kashe. Amma in Gwaggo ta haɗa su a filin ƙwallo ɗaya ta intanet, sai bakin ya buɗe. A nan ne maigidan ya ji cewa Auta ya yi jinya bai gaya wa kowa ba, a nan ne ya ji yana neman aure, duk a tsakanin bugun kusurwa da bugun fanareti. A nan kuma yake shan kashi mako bayan mako, Auta yana cewa, "Yaya, ko in bar maka ci ɗaya na girmamawa?" Wannan Asabar ɗin ce yanzu babu, kuma ita ce ainihin abin da ake wa makoki.

Game da jinyarta, ya kamata jama'a su san cewa a gidan nan ba a barin kaya tsirara. Talabijin yana da riga. Firji yana da riga. Filas ɗin shayi yana da riga har da hula. Gwaggo kaɗai ta rage, kuma abin ya daɗe yana damun uwargida. Wata rana maigidan ya dawo daga aiki ya tarar da ita cikin koriyar riga mai soso a ciki, da leshi a baki, an bar mata fuska da madannai kawai. Uwargida ta ce, "Ƙura za ta kashe maka ita, Baban yara. Kuma zafinta yana cin fentin teburina." Maigidan ya yi godiya. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau, shi kansa ba a taɓa yi masa irinsa ba.

Daga ranar zazzaɓi ya kama ta. Muryarta ta dushe, ta koma "huu… huu," kamar mai magana da matashi a fuska. Ta fara suma ana tsakiyar wasa. Da maigidan ya nuna damuwa, uwargida ta ce, "Ai sauƙi ta samu. Ka ji yanzu har rediyo ana ji a falon nan."

Ranar da abin zai faru, ƙwallo ta so maigidan irin son da ba ta taɓa yi masa ba. Ya zura ɗaya, ya zura na biyu, Auta ya yi tsit. Sai Gwaggo ta ja wani dogon numfashi, ta ce "tas!" Wari ya tashi kamar an manta dutsen guga a kan riga. Fuskarta ta yi baƙi, maigidan ya ga tasa fuskar a ciki, baki buɗe. Ta'aziyyar farko daga Auta ta zo, a waya: "Yaya, sai haƙuri. Amma ka san wasan da ba a tashi ba, ba a lissafa shi."

An garzaya da ita wurin mai gyara. Ya kwance cikinta, ya sa ɗan hantsaki a cikin fanka, ya zaro wani curin koren zare da ɓurɓushin soso, ya ɗaga shi sama. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba mutuwar tsufa ba ce. Hancinta aka toshe. Ta gefe da ta ƙasa take shaƙar iska, an kuwa ɗinke duka biyun." Yana wannan bayani ne yana shafa gilashin fuskarta, ya kuma tambaya ko za a sayar masa, domin yana da mai nema. Shi ma mai gyaran, maigidan ya sa masa alamar tambaya a ransa.

Maigidan yana so a fahimce shi, ba ya zargin kowa. Abin da ya gani kawai yake faɗa. Rigar nan tana da ƙofar caja, an yi mata kalmasa. Tana da ƙofar abin sawa a kunne, ita ma an kalmashe ta. Duk wani ɗan rami da ke jikin marigayiyar an auna shi an ba shi haƙƙinsa, sai na numfashi. Da aka tambayi uwargida, cewa ta yi, "Ni na ɗauka ado ne. Ramin da ba a soka masa komai, mene ne amfaninsa?" Haka kuma keken ɗinkin gidan ya daɗe yana kukan duhu a lungun da yake. Ko da maigidan ya dawo daga wurin mai gyara, sai ya tarar da keken a gindin taga, a daidai gurbin Gwaggo, yana aiki. An ce aron wuri ne.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da linzamin kwamfuta, da fad biyu, ɗayansu yana jan ɗan wasa hagu ko ba a taɓa shi ba. Ta kuma bar maigidan, mai furfura a gemu, wanda daga yanzu zai riƙa zama ranar Asabar da yamma yana kallon wayarsa, yana neman abin da zai ce wa ƙaninsa bayan "ya iyali."

An fara neman magajiya, mai arha kamar yadda aka saba. Wannan karon maigidan ba ya kallon fitilu masu launi, ba ya sauraron labarin dattijuwar malama. Tambayarsa ta farko a kowane shago ita ce ta ina take numfashi. Abin da ya ba shi mamaki, uwargida ce ta fi kowa matsa masa. Jiya ta kawo masa shayi da kanta, ta ce, "Ka saya mana, Baban yara. Gidan ba ya daɗi in ba a jin ihunku kai da Auta." Idon maigidan ya ciko. Ya buɗe baki zai nemi gafara a kan duk abin da ya saƙa a ransa, sai ya ga tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ta ce, "Ita sabuwar, nawa ne faɗinta?"

Za a kai Gwaggo makwancinta ranar Asabar mai zuwa da yamma, a kwalin da ke bayan shagon mai gyara, wanda zai karɓi gilashin fuskarta kamar yadda ya daɗe yana fata. Ba a buƙatar gudummawar likkafani, tun tana da rai aka ɗinka mata, kuma ya yi mata daidai. Za a karɓi gaisuwa a falo, sai dai a duba kujera kafin a zauna, saboda allurai. Duk wanda ya raka maigidan shago, ana roƙonsa don zumunci kada ya faɗi tsawo ko faɗin magajiyar a gidan nan. Maigidan da kansa ya shaida wa uwargida cewa ba a san girmanta ba tukuna. Ta ce ba komai, yadin da ta yanka mai miƙewa ne.