Yadda Ake Samun Kwarjini da Bindigar da Ba Ta Tashi

Kai da ka daɗe a ƙasar nan kana shiga taro ba mai gyara zama, kai da yara ke miƙo wa hannu ɗaya ɗayan na riƙe da waya, matso kusa. Maganin abin da ke damunka yana wurina, kuma an gwada shi a kan mutum mai rai. Sunansa Karimu, ɗan Zangon Kumasi, mazaunin Small Heath a nan Birmingham. Ka bi matakan nan yadda ya bi su. Na yi maka alkawari, kafin ganyen itatuwa ya sake zuba za a ji tsoronka har Manchester. Ban ce za ka ji daɗin abin ba. Tsoro na ce.

Mataki na ɗaya: Ka tabbatar an raina ka

In dama ana girmama ka, tashi ka ba wani wuri. Karimu ya cika wannan sharaɗi har da gyara. Gajere ne, muryarsa siririya, kuma ya ƙarar da ƙarfinsa yana gadin wani kanti a Perry Barr, inda ɓarayin turare kan gaishe shi da suna in za su fita.

A masallacinmu akwai wani Karimun, dogo, mai shagon nama. Shi ake ce wa Alhaji Karimu. Namu kuwa, duk da ya riga wancan zuwa Makka, Ƙaramin Karimu yake. Matarsa Wasilatu in ta ce "maigida" sai ta ɗan murmusa kamar wadda ta tuna wani abu. 'Yarsa tilo, Jannat, tana sonsa ƙwarai, amma irin son da ake yi wa kyanwa. Ta shafa kansa ta ce, "You all right, Dad?" ta wuce ba ta jira amsa ba.

Mataki na biyu: Ka sayi gawa

Dokar ƙasar nan ta hana irinmu riƙe ƙaramar bindiga mai rai. Wanda ya gwada, gwamnati za ta ba shi ɗaki da abinci na shekaru ba tare da ya bi layin neman gidan council ba. Amma an bar ƙofa ga mai son gawa: tsohuwar bindigar da aka kashe, aka toshe bakinta da walda, aka yanke allurar da ke dukan harsashi, aka buga mata hatimi. Tsofaffin Turawa kan taru a manyan zaurukan haya suna sayar wa juna irinsu, tare da hulunan soja da lambobin yabon mutanen da suka daɗe a ƙasa.

Karimu ya faɗa irin wannan taro ne bisa kuskure, yana neman kasuwar gwanjo. A kan wani tebur ya ga wata 'yar baƙa, ba ta fi tafin hannunsa ba, ƙirar Jamus, tun kafin a haifi uwarsa, wadda manya kan sa a aljihun kwat. Ya ɗaga ta. Nauyinta ya ba shi mamaki. Ya ji kafaɗunsa sun buɗe da kansu, ya ji kamar an ƙara masa tsawo.

Baturen da ke sayarwa ya ce, "She's completely dead, mate."

Karimu ya ce, "No problem." A ransa kuwa cewa ya yi, wa zai tambaya?

Ka zaɓi ƙarama. Doguwar bindiga ta maharbi ce, kowa ya san zomo take jira. Ta aljihu kuwa ba wanda ya san wa take jira, saboda haka kowa sai ya binciki kansa.

Mataki na uku: Ka nema mata asali

Bindigar da aka saya ƙarfe ce kawai. Wadda aka gada ita ce magana. Sunan tasa Walther, bakinsa ya mai da shi Walta. Ya shigo da ita gida ya shaida wa Wasilatu cewa kakansa, saje a sojan Gold Coast, ya ƙwace ta daga hannun wani hafsan Jamus a dajin ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya. Kada ka damu da cewa Japanawa aka yaƙa a can. Ba mai dubawa.

Wasilatu ta dubi bindigar, ta dubi ledar da aka sako ta. Ta ce, "Wane kakan? Mai goron?"

Ya ce, "Kafin goron."

Ta ce, "To, Allah ya jiƙansa. Ɗauke ta daga kan tebur, zan zuba waken."

Mataki na huɗu: Ka tara mata 'yan'uwa

Mai bindiga ɗaya abin zargi ne. Mai tuli kuwa masani ake ce masa. Bayan Walta sai Browning 'yar Beljiyam, sai Beretta 'yar Italiya, sai wata 'yar Sifen da ko sunanta ya goge. Duk zuwan sabuwa, marigayi mai goro ya ƙara yaƙi ɗaya. An fitar da kwanukan auren Wasilatu daga kabad ɗin gilashi, aka shimfiɗa jan ƙyalle, aka jera su bisa ga shekarunsu.

In faɗi gaskiya ko da za ta ɓata darasin: mutumin ya so su. Bayan Juma'a yakan zauna da man keken ɗinki da tsohon singileti, ya goge kowace a hankali, yana bin zanen da ke jikin mariƙinsu da yatsa, yana mamakin maƙerin da ya daidaita ƙarfe da ƙarfe har gashi ba ya shiga tsakani. A nan kaɗai nake ganin fuskarsa ta huta. Amma kai ba hutu ka zo nema ba, mu ci gaba.

Gargaɗi guda, ka riƙe shi da kyau don za mu dawo gare shi: ko gawa ce, kada ta taka titi. Ɗan sandan da aka kira ba zai tsaya leƙa bakinta ba, kuma tasa ba a yi mata walda ba.

Mataki na biyar: Ka rufe bakinka, ka buɗe na wanzami

Wanda ya yi shelar makaminsa ya zama abin dariya. Ka bari wani ya gano. Karimu ya gayyaci Faizal mai shagon aski na bakin layinsu ya zo gida ya rage masa gemu, wai ƙafarsa na ciwo. Ya ajiye kujera daidai gaban kabad.

Faizal ya yi aski rabi, injin ya tsaya a hannunsa. "Baba, waɗannan na gaske ne?"

"Sun yi maka kama da na roba?"

"Suna aiki?"

Karimu ya lumshe ido ya ce, "Gyara nan gefen, Faizal."

Ka lura bai yi ƙarya ba. Dattijo ba ya ƙarya, yakan dai nemi a gyara masa gefe.

Mataki na shida: Ka girbe abin da ka shuka

Kafin wata ya shuɗe an daina cewa Ƙarami. Aka koma Baba Karimu, daga nan Baba Saje, kamar shi ne ya je Bama. Ba mai ajiye mota a gaban gidansa. Alhaji Karimu mai nama ya fara cire masa kitse ba a roƙe shi ba. A masallaci sahun gaba kan tsage ya ba shi wuri, wurin ma har ya fi ƙarfin jikinsa. Labarin ya hau babbar hanyar M6 ya tafi arewa, yana tafe yana ƙiba: bindigogi sun zama akwati, akwatin ya zama ɗaki, aka ce ya taɓa harbe wani a Accra a kan gaisuwa.

A nan ne Jannat ta shigo cikin lissafin da bai yi ba. Ta yi jami'a a Oxford Road ta Manchester, ta kama aikin jinya a can, ta haɗu da wani yaro mai hankali, Imran, shi ma jinin Zango. Sun daidaita. Saura iyayensa su zo neman aure. Aka sa rana, aka ɗaga. Aka sake sawa, aka ce motar ta lalace. Karimu ya ji daɗi, ya ɗauka shiri suke don su zo gaban babban mutum.

Wata Lahadi Jannat ta zo gida, ba ta ko cire jaket ba. Ba ta shafa kansa ba. Ta tsaya tsakaninsa da kabad ta ce, "Dad, Maman Imran ta ce ba za ta shiga gidan nan ba. Ta ce a bar maganar. Za su zo ranar Asabar, saboda Imran ya roƙe ta, amma sallama za su zo yi. Ka gaya musu gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"They're paperweights, Dad, ƙarfen danne takarda ne kawai. Na sani, Mum ta sani. Na gaya mata, ta ce kowace 'ya haka za ta faɗa. Daga bakinka take son ji."

Ya dubi Wasilatu ko za ta taimake shi. Ta ce, "Ni ina ruwana, Saje. Kira kakanka."

Mataki na bakwai: Ka san inda za ka tsaya ranar da baƙi suka zo

Asabar bayan Azahar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Imran ya fito ya durƙusa har ƙasa a kan titi. Uwarsa, Hajiya Mariatu, tana kujerar gaba da ƙullin goro a cinya, ba ta kwance bel ba. Gilashi ta sauke kaɗan, iyakar yatsu uku. Layin Karimu gidaje ne manne da juna, kuma shagon Faizal cike yake ranar Asabar. Kowa ya sami dalilin fitowa shan iska, wasu da tawul a wuya.

Karimu ya fito cikin babbar riga. "Hajiya, sannu da hanya. Bismillah, ku shigo."

Ta ce, "Alhaji, daga nan ma ina jinka. Ni a unguwar Moss Side ta Manchester na raini yaron nan, shekarun da in an ji ƙara sai mu kwantar da yara a ƙasa mu kashe fitila. Na wanke jinin ɗan maƙwabciyata daga matakala da hannuna. Ban tsallake da Imran daga can don in kai shi gidan surukin da ke goge bindiga bayan Juma'a ba. 'Yarka ta gari ce, ba ni da abin cewa a kanta. Allah ya ba ta wani."

Ga inda gargaɗina ya dawo. Da zai iya ɗauko Walta ya miƙa mata ta tagar mota, da ta gani da idonta a ɓoye, a rufe maganar. Amma gawa ba ta taka titi. Hajiya kuma ba ta taka falo. Abin da ya rage masa shi ne bakinsa, da mutanen unguwa a tsaye.

Ya waiwaya. Jannat na bakin ƙofa ba takalmi.  Ya dubi Faizal, ya dubi Alhaji mai nama da ya fito da wuƙa a hannu bai ma sani ba. Ya ji rigar ta yi masa yawa kamar da.

Ya sunkuya wajen gilashin, a hankali ya ce, "Hajiya, ba sa tashi."

Ta ce, "Kunnen nan nawa ba ya ji sosai. Me ka ce?"

Har yau ban yarda kunnen yana da wata matsala ba.

Karimu ya miƙe iyakar tsawon da Allah ya ba shi, ya buɗe siririyar muryar nan yadda har ƙarshen layi aka ji. "Na ce ba sa tashi. Ko ɗaya ba ta tashi. An yi musu walda tun kafin in saya. Saya na yi. Kakana goro yake sayarwa."

 Sai wani daga shagon aski ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba." Layin ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, har da matan da ke leƙe ta sama.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta kwance bel, ta fito, ta wuce shi ta shiga falo. Ta sa aka buɗe kabad. Ta zare fil daga mayafinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zura shi a bakinsu. Ko'ina ya shiga kaɗan ya tokare. Da ta gama ta mai da fil ɗin wurinsa, ta ce, "Murfin tukunyata ya fi waɗannan haɗari." Sannan ta ajiye ƙullin goron a kan jan ƙyallen, tsakanin Walta da Browning. "Tunda gadon gidan goro ne, Alhaji, ga shi mun kawo. Mutumin da zai tsaya a titi ya faɗi abin da ka faɗa saboda 'yarsa, zan iya barin jikokina a wurinsa."

Mataki na takwas: Ka riƙe sunan da ya rage

An ɗaura aure. Kwanukan Wasilatu sun koma kabad, bindigogin sun koma wani lungu, banda 'yar Sifen, wadda ke tokare ƙofar kicin in ana suya. Motoci sun dawo gaban gidan. Kitse ya dawo cikin nama. Sunan Saje ya faɗi, amma na Ƙarami ma bai dawo ba. Daga Small Heath har Manchester, Baba Ba-ta-tashi ake ce masa, kuma yana amsawa. Bayan Juma'a yana nan yana gugarsu da man keke. Imran in ya zo yakan riƙe masa singiletin, Jannat kuma in za ta shafa kansa yanzu takan tsaya ta ji amsa.

Na yi alkawarin za a ji tsoronka har Manchester, kuma ka ga an ji. Abin da ya biyo baya ba ya cikin alkawarin. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa suruki, ko wurin ajiye mota, ko ya sami sunan da zai bi shi har makwancinsa, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ban saya maka ba, ban raka ka ba, ban san kakanka ba. In kuma ka tarar da kanka a titi da babbar riga, tsohuwa ta ce ba ta ji ba, ka ɗaga murya tun karon farko.