Rasuwar Magnhild, Rikodar da Ta Haɗiye Kaset ɗin Roar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da ba su saba da shiru ba, Steinar Moen, mai raba wasiƙu a tsibirinmu, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa rage wa hanya, rasuwar rikodar motarsa, Magnhild. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi a layin jiran jirgin fito, bayan jinyar wata biyu. Ta rasu tana da shekara talatin da huɗu, talatin da uku daga ciki da kaset ɗaya rak a cikinta.

Marigayiyar ta ci sunan surukar Steinar ne tun tsohuwar tana raye, saboda su biyun magana ɗaya suka sani, kuma da ƙarfi suke yin ta.

Ba a yi wa tarihinta adalci ba in ba a ambaci Roar Skogli ba. Tsofaffin gari sun san shi, dogon saurayin nan da ke fiɗar kifi da rana, da yamma ya rataya jita ya hana kowa sakat. Shi ne jagoran ƙungiyar kiɗan rok da ake kira Kifin Jiya, Steinar kuma mai ganga. Da murfin kwalba Roar yake kaɗa jitarsa, ita kanta jitar ƙarnin kifi take yi, amma in ya lanƙwasa tsirkiya sai ka ga matan da suka zo ƙorafin hayaniya sun tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, sun manta abin da ya kawo su. Kowa ya yarda wata rana sai babban birni Oslo ya san da shi. Abu ɗaya ne bai taɓa yabawa ba a duniya, wato kiɗan amininsa.

"Steinar," yakan ce a gaban jama'a, "ganga kake kaɗawa ko kifi kake kashewa? Matso in nuna maka, aikin da ko akuya za ta iya!"

Bai taɓa nuna masa ɗin ba.

A farkon bazarar 1991 suka ɗauki waƙoƙi bakwai a rumfar kwale-kwalen baban Roar, a kaset ɗaya da ba shi da na biyu. Kashegari Roar ya faɗo motar Steinar ya cusa shi a bakin Magnhild. Da aka zo waƙa ta huɗu, inda jitar take tashi ita kaɗai, daɗi ya kwashe shi ya kai wa rikodar naushi. Maɓallin fitar da kaset ya yi tsalle ya fice ta taga, ya faɗa teku.

"Bar shi a ciki, mutumina," in ji Roar, "gobe na ciro shi da wuƙa."

Kwana goma sha tara bayan nan, jirgin kamun kifin da Roar ya bi ya dawo babu shi. Yana da shekara ashirin da shida.

Tun daga ranar Steinar ya ajiye sandunan ganga, ya kuma haramta wa kowa taɓa Magnhild da wuƙa ko da sukundireba. Maɓalli ɗaya ya rage mai aiki a jikinta, na mayar da kaset baya, da shi suka rayu.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Abin da aka ba ta ajiya ba ta taɓa mayarwa ba. Ba ta san rage murya ba, domin murɗin ƙarar ya maƙale a ƙarshe tun zamanin naushin. Da an tayar da mota sai ta ce "kirrr, tas!", a ji tarin Roar sau biyu, sannan "wiiiyaauuun!" har tsuntsayen teku su watse daga kan rufi. Motoci uku ta binne, duk wadda ta mutu sai a ciro ta a dasa a sabuwa. Ita ta raka Tove, uwargidan Steinar, asibitin haihuwa har sau biyu.

"Steinar, in ba ka kashe abin nan ba, a nan zan haihu in bar maka!"

"Yi haƙuri, saura kaɗan a zo wajen jitar."

Ta ɗauki fasto, ta ɗauki amare, ta ɗauki tumakin maƙwabta zuwa wajen likita. Ta dalilinta babu wanda ya girma a tsibirin nan bai haddace waƙa ta huɗu ba, har waɗanda aka haifa shekara ashirin bayan tafiyar mai ita. Da muryarta ne mutane suke sanin wasiƙa ta iso tun motar tana bayan tudu.

Ciwon ajali ya kama ta a farkon kaka. Muryarta ta fara jan jiki, jitar Roar ta koma kamar kukan saniyar da aka raba da ɗanta. Steinar ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya lulluɓe ta da bargo, ya busa mata iska mai ɗumi da na'urar busar da gashin Tove, ya daina bin hanyar da ke da ramuka ko da hakan ya sa wasu gidaje uku sun yi mako babu wasiƙa. Ranar Talata, ana tsakiyar waƙa ta biyu, ta ce "wuuu, grrr, ƙwas." Wani siririn hayaƙi ya fito ta bakinta. Shi ke nan.

Abin da ya hana Steinar cin abinci kwana biyu shi ne kaset ɗin, domin in ya ƙone, babu sauran Roar a ko'ina. Ranar Alhamis aka kai gawar garejin Oddvar. Wenche, ƙanwar Roar, ta zo a matsayin dangi. Oddvar ya ɗau awa biyu yana tiyata da hantsaki, Steinar yana tsaye a kansa yana huci.

"Kai, ja baya, numfashinka yana dusashe mini tabarau! Ko mijin mai naƙuda bai kai ka ba."

Aka ciro kaset da rai. Da Wenche ta juya shi, sai ga rubutun yayanta a fuskar da ta shekara talatin da uku tana kallon ƙasa: KAR STEINAR YA JI. Babu wanda ya taɓa tunanin akwai wani abu a ɗaya gefen.

Suka ɗunguma ɗakin karatu na gari, inda ake da wata tsohuwar rikoda. Da aka danna, sai aka ji ganga, irin kiɗan da za ka rantse tukwane ne suka gangaro daga bene. Sanda ta suɓuce, wani ya yi ashar. Aka sake farawa, aka sake rushewa, har minti ashirin. Can sai muryar Roar, yana haki:

"Kai! Ashe abin nan da wuya haka? Yaya sakaran nan yake yi da hannu biyu da ƙafa biyu lokaci ɗaya? Gaskiya ya iya. Amma in na gaya masa, kansa ba zai shiga mota ba."

Wenche ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Steinar ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ɗan banza," ya ce. "Akuya, ko?" Ya fita waje ya daɗe yana duba tayar motarsa, wadda babu abin da ya same ta.

Marigayiyar ta bar mai gidanta Steinar, da Tove wadda ta ce kada a sa sunanta cikin masu makoki amma aka sa, da sifika biyu, ɗaya kurma, da kaset ɗaya da yanzu yake hannun Wenche ana kwafarsa, da wani rami mai kusurwa huɗu a gaban mota.

Da yake fasto ya ce maƙabartar coci ba ta karɓar kayan lantarki, za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya a wurin tara tsofaffin na'urori da ke bayan tashar jirgi, kwantena ta uku daga hagu. Ana roƙon masu rakiya su kashe rediyon motocinsu. Daga nan za a wuce zauren taro shan kofi da waina da cuku mai ruwan ƙasa, inda Steinar zai hau ganga karo na farko tun 1991. Za a raba audugar toshe kunne a bakin ƙofa.

Ba a buƙatar furanni. Mai son yin ta'aziyya ya zo ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe ya zauna a gefen direba. Zagayen kilomita sittin ne, kuma Steinar bai taɓa yin sa shi kaɗai ba.